Su Wa Ke Kawo Maka Ɗinki?

Shekara ashirin da shida ina sana'ar ɗinki, amma in ka tsaya a bakin titi ka tare duk wani mai kwat da zai wuce, ka tambaye shi ko ya san ni, zai rantse maka ko a mafarki bai taɓa ganina ba. Wannan bai taɓa ɓata mini rai ba. Da rashin sanin nan nasu na aurar da 'ya'ya biyu, da shi kuma nake biya wa na ukun kuɗin makaranta.

Shagona a cikin lungu yake, bayan jerin shagunan da ke kallon titi, tsakanin mai gyaran janareta da wata ƙofar sito da ban taɓa ganin an buɗe ta ba. Ba allo, ba taga sai wata 'yar ƙarama can sama, ƙofar kuwa mai tumbi sai ya karkace yake shiga. Aikina ɗaya ne. A kawo mini kwat ɗin gwanjo, wadda wani ƙato ya gama yayinta a wata ƙasa, in kwance ta, in rage kafaɗa, in ɗage hannu, in sake maɓallai, in kashe wannan warin na dila da duk mai hanci ya sani, in goge ta. Ranar Litinin mai ita ya shiga ofis, masinja na rusunawa, abokan aiki na cewa, "Yallaɓai, wannan fa ba ta nan ba ce." Shi kuma ya ɗan kaɗe hannunta ya ce, "A tafiyata ta bara na tsinto ta." Bai yi ƙarya duka ba. Kwat ɗin ta yi tafiya, shi ne dai bai yi ba.

Masu kawo mini aiki mutane ne da muƙaminsu ya fi albashinsu tsawo. Can gaban kantin magani suke ajiye mota, su tako da baƙar leda a hammata kamar masu zuwa zubar da shara. In tsautsayi ya haɗa biyu a bakin lungu, ɗaya sai ya waske ya tsaya tambayar farashin gyaran janareta. Maƙwabcina ya sha yin doguwar hira da mutanen da ko fitilar hannu ba su da ita a gida. In mun haɗu a titi ba ma gaisawa. Su kalli gabas, in kalli yamma, kowa ya san ya yi wa ɗan uwansa mutunci.

Ko a littafin awona ba sunan kowa. Laƙabi nake sa musu. Akwai Tumbi, akwai Dogon Hannu, akwai Mai Tikiti, wanda ya taɓa roƙona in na tsinci tikitin jirgin ƙasa na waje a aljihun kwat kada in zubar, in bar masa a ciki, don ya riƙa zaro shi bisa kuskure a wajen taro. Amma shafin farko na Kafaɗa ne. Shekara goma sha tara ke nan da ya fara shigowa, yana ƙaramin akawu, da kwat ɗaya tilo da zai saka ya je ganawar neman ƙarin girma. Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka da yatsa ɗaya da rabi. Na yanka soso na cusa a ƙarƙashin shafin kwat ɗin, ya tsaya gaban madubina ya ga kansa a miƙe, idonsa ya ciko. Tun daga ranar duk kwat ɗin da ya saka ta bi ta hannuna. Yanzu darakta ne, kuma ina jin ko matarsa ba ta san da yatsa ɗaya da rabin nan ba.

Abin da ya ɓata zaman shi ne keken ɗinkina. Tsoho na saye shi, ya ƙara tsufa a hannuna. Ya fara tsallake ɗinki, ya koma tsinka zare, in ya ci karo da yadi mai kauri sai ya tsaya yana gurnani. Ranar da ya tauna mini gaban wata kwat mai ruwan toka, sai da na yi kwana biyu ina ɓoye ɓarnar. Mai gyara ya zo ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya ce, "Malam Tela, wannan sai dai addu'a."

A wannan makon ne ƙanena ya faɗo shagon. A gida Ɗan Bita muke ce masa, don tun da ya je wata bita ta kwana uku a otal ya dawo da jaka da takardar shaida da igiyar rataya a wuya, ba a sake jin wata magana ta fita bakinsa ba tare da "a wajen bita an ce" ba. Igiyar har yau tana wuyansa, rubutun jikinta ya goge. Kada ku ce ba ya sana'a. Ya yi kiwon kaji dubu biyar, ya buga bulo, ya buɗe gidan ruwan sha, duk a takarda, kuma cikin kajin nan ko ɗaya ba ta mutu ba. Ɗan uwana ne, ina sonsa, amma ko allura bai taɓa sayarwa ba.

"Yaya, kakarka ta yanke saƙa," in ji shi. "Ofishin tallafa wa ƙananan sana'o'i zai raba kekunan lantarki, irin na masana'anta. Kyauta. Tsarin kasuwanci kawai za ka kai."

"Tsarin me?"

"Tsarin kasuwanci. A rubuce. Yadda kake, inda za ka, da hanyar da za ka bi."

"Ina nan, ba inda za ni, hanyar kuma ka biyo ta yanzu."

Bai ko yi murmushi ba. Mutumin da ya je bita ba ya dariya a kan abin da aka koya masa. Ya ture almakashina da allina gefe, ya share teburin yanka da gwiwar hannu, ya shimfiɗa fom mai shafi goma sha biyu, ya jera biro uku, baƙi da shuɗi da ja. Ya gyara zama a kan kujerar da manya ke zama in cire musu awo.

"Tambaya ta ɗaya. Su wa ke kawo maka ɗinki?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Masu kafaɗa biyu da hannu biyu."

"Yaya, don Allah ka bar wasa. Nan an ce a kawo bayani dalla-dalla. Shekarunsu, aikinsu, abin da suke samu."

"To rubuta babu kowa."

Ya ajiye biro ya kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya saka riga a bai-bai. "A wajen bita an ce ɗan kasuwar da bai san kwastomansa ba makaho ne a tsakiyar titi."

Nan raina ya ɗan sosu. Na ce, "Kai yaro, na san su fiye da matansu. Na san wanda ƙugunsa ya ƙaru da yatsa huɗu tun da aka ba shi kujerar sayen kayan ofis. Na san wanda ya rame da aka kafa kwamitin bincike. Sanin ne ya sa ba na faɗa."

"To ai ka ga alƙaluma ke nan!" Idonsa ya sauka a kan littafin awo da ke rataye a ƙusa. Na tashi na cire shi na jefa a aljihun tebur.

Da ya ga tambaya ta ɗaya ta ƙi, sai ya tsallaka can gaba, wurin da aka rubuta hangen nesa. Ya ce ina nake ganin kaina nan da shekara biyar. Na ce a kan wannan kujerar, in Allah ya bar ni da rai da gwiwa. Ya gyaɗa kai ya rubuta da jan biro cewa burina shi ne in zama kamfanin tufafi na ɗaya a duk yankin. Ya tambayi ma'aikatana, na nuna masa ƙafata ta dama. Ya rubuta "sashen sarrafawa". Har rana ta karkata muna abu ɗaya, shafi goma sha biyu na nan fari fat in ban da wannan jan layin.

Yanzu bari in faɗi laifina, don kada a ce na ɗora wa yaro komai. Washegari na saci jiki na je kantin da ake sayar da irin keken. Na ce kallo kawai zan yi. Mai kantin ya ninka yadin wando mai kauri har huɗu, ya sa a ƙarƙashin allura, ya ɗan taɓa da ƙafa. Kafin in ƙifta ido layi ya fita sumul, ba tsallake, ba gurnani. Na shafa ƙarfen, sanyi ƙalau. Wallahi na so keken nan, son da ban yi wa wani abu ba tun ina saurayi. Da na dawo na tarar da Ɗan Bita yana jirana da fom ɗinsa, sai na ce, "Ka ga, ni aiki ya yi mini yawa. Cike shi yadda aka koya maka, nuna mini inda zan sa hannu." Na sa hannu a shafi na goma sha biyu, sauran sha ɗayan ba komai a cikinsu sai jan layin nan.

Maiɗakina da ta ji ta ajiye abin da take yi ta ce, "Maigida, ka sa hannu a farar takarda ka ba wanda ya yi kiwon kaji a jaka? Ka dai yi a hankali, garin neman gira ake rasa ido." Na ce mata harkar ofis ce, ba ta gane ba. Ta ce haka ne, ita kam ba ta je bita ba.

Mako biyu Ɗan Bita bai sake damuna da tambaya ba. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencin mai janareta a bakin lungu, da ɗan littafi a cinya, yana kallon titi. Na ɗauka tunani yake yi, har na ji daɗi, na ce yaro ya fara hankali. Ashe lambar motocin da ke tsayawa gaban kantin magani yake kwafa. Ashe katin aikin da ke leƙowa daga aljihun masu baƙar leda yake karantawa. Ashe in na fita cin abincin rana sai ya buɗe aljihun tebur, ya haɗa laƙabi da fuska, fuska da mota, mota da ofis. A duk rayuwarsa wannan ne aiki na farko da ya yi da kyau.

Ranar wata Talata direban Tumbi ya shigo ya ce Yallaɓai ya aiko a ba shi kwat ɗinsa. Na ce ban gama ba, hannu ɗaya ma a kwance yake. Ya ce an ce ko a yaya take ya karɓo. Ya tafi da ita da allurai a jiki. Laraba Dogon Hannu bai zo gwaji ba, mutumin da ko ana ruwa bai taɓa saɓa rana ba. Alhamis da tsakar rana sai ga Mai Tikiti da kansa, ba leda, ba waige-waige, ya faɗo shagon yana huci, ya maka mini wata takarda a kan teburin yanka.

"Tela, me na yi maka? Na taɓa hana ka haƙƙinka?"

"Subhanallahi, ranka ya daɗe, me ya faru?"

"Karanta!"

Na sa tabarau. A sama an buga da manyan baƙaƙe: Binciken Kasuwa. A ƙasa sunansa cikakke, da muƙaminsa, da hawan benen da ofishinsa yake. Sai tambayoyi. Shekara nawa ka yi kana kai wa telanmu gwanjo? Shin warin dila yana fita gaba ɗaya, ko kaɗan, ko ba ya fita? Za ka ba abokin aikinka shawara shi ma ya zo? An bar 'yan akwatuna a gefe don mutum ya yi maki.

"Ina cikin taro wani mai igiya a wuya ya zo da ita," in ji Mai Tikiti. "Ya bar wa sakatariyata. Ita kuma don ta sauƙaƙa mini aiki, sai ta karanta wa 'yan ofis su taya ta cikewa. Yau da na shiga, wani yaro da bai fi wata shida da kama aiki ba ya matso yana shinshina kafaɗata, ya ce, 'Yallaɓai, a rubuta yana fita gaba ɗaya.'"

Bai jira na ba shi haƙuri ba. Ya zaro tsohon tikitin nan daga aljihu, ya yaga shi biyu, ya zubar a gabana ya fita. Dariyar abin sai daga baya ta zo mini.

Na tarar da Ɗan Bita a bencinsa, fuska fayau. Kafin in yi magana ya riga ni. "Yaya, albishirinka. Kwastoma arba'in da ɗaya gare ka! Duk na kai musu takarda hannu da hannu. Biyu ne kawai suka cike, amma a wajen bita an ce haka ake farawa."

"Arba'in da ɗaya," na ce.

"Har na miƙa kashi na farko a ofishin tallafin, don a san mun fara. Tambaya ta ɗaya da ratayenta. Suna, ofis, muƙami, shekarun hulɗa, awon ƙugu."

"Har da ƙugu?"

"Alƙaluma ne, Yaya. Tsarin da ba alƙaluma tatsuniya ce."

"Wa ka miƙa wa?"

Ya yi wani murmushi na wanda ya ɓoye babban nama a ƙasan kwano. "Ai nan ne dabarar. Ka san waye daraktan ofishin? Wanda ka rubuta wa Kafaɗa! Shi na sa a lamba ɗaya. Shekara sha tara! Wace hujja ta fi wannan?"

Ban mare shi ba. Ina so a rubuta wannan a wani wuri, ko da jan biro ne. Mai janareta ya ce ya ga hannuna ya ɗaga, amma kaina na dafe da shi.

Washegari na saka rigata mafi kyau na tafi ofishin, karo na farko a rayuwata da na bi mai kawo mini ɗinki wurin aikinsa. Niyyata ɗaya, in durƙusa in ba da haƙuri, in karɓo takardata in ƙona. Na yi zaton za a bar ni a benci har yamma, amma ina faɗa wa sakatariya cewa tela ne, sai ga ƙofa ta buɗe. Kafaɗa ya sallami mutum biyu da ke ciki, ya rufe ƙofar da kansa, ya murza makulli. Kwat ɗin da ke jikinsa shuɗiyar nan ce da na gama masa wata uku da suka wuce, ta zauna ɗas. Fayil ɗin na kan teburinsa, ya ɗora hannu a kai.

"Zauna, Malam Tela."

Ban zauna ba, na rusuna. "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan takardar nan. Wallahi shekara sha tara ban taɓa buɗe baki na faɗa wa kowa ba."

"Na sani," in ji shi. "Shekara sha tara. Na ga an rubuta."

"Abin nufi, ranka ya daɗe, ni mutum ne mai riƙe sirri. Abubuwan da na sani a kan mutane, da zan faɗa, da gari ya kama da wuta. Amma ban faɗa ba."

"Na fahimta."

Na ga kamar bai fahimta ba, sai na ƙara. "Ko maganar kafaɗar nan ta hagu, ba ta cikin takardar. A kaina kawai take, da littafina."

"Akwai littafi kuma?"

"Tun na ranar farko, ranka ya daɗe. Ban taɓa yar da ko shafi ɗaya ba."

Ya zaro hankici ya goge wuya. Ni kuwa duk kalmar da na ɗauko don in wanke kaina, sai in ga ta ƙara masa zufa, na rasa dalili. Ya jawo fayil ɗin ya buɗe, ya rufe.

"Kwafi nawa ne?"

"Ƙanena ya ce uku. A wajen bita an ce a riƙa ajiye kwafi."

"Keke kake so, ko ba haka ba?"

"Ranka ya daɗe, ni yanzu ba ta keke nake ba..."

"To me kake so? Faɗi. Biyu?"

Sai a lokacin na gane abin da yake ji. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, "Haba, Yallaɓai! Ni ne fa." Ya kalle ni, kuma wallahi ba kallon da ya saba yi mini ta cikin madubi ba ne. Ya ce, "Na san kai ne. Tsarinka ya yi nasara. Ka kawo mini sauran kwafin biyu kafin a tashi aiki."

Haka aka yi. Mutum ɗari uku da wani abu suka kai tsari, wasu shafi hamsin da zane-zane masu launi, wasu sun biya ƙwararru sun rubuta musu. Nawa, mai tambaya ɗaya da jan layi ɗaya, shi ya zo na farko. Ɗan Bita ya bi dangi gida-gida yana ba da labari. Har ya fara karɓar masu son ya rubuta musu nasu.

Ranar rabon kekuna aka kafa rumfa a harabar ofishin, aka jera kujerun roba, aka kawo masu ɗaukar hoto. Na hango mutanena a layin gaba, aƙalla bakwai, kowa ya ƙura wa takalminsa ido. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da za ka yi wa naka. Aka kira ni. Kafaɗa ya taso da fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu a gaban jama'a, ya girgiza, ya juya ga lasifika ya ce ga irin masu sana'ar da ƙasa ke alfahari da su, yau ya fara ganina amma tsarina ya burge shi. Aka tafa. Shekara sha tara bai taɓa ce mini ko sannu a waje ba, kuma ban taɓa jin ciwo ba. Yau da ya gaishe ni a bainar jama'a na san na rasa shi.

Muna tsaye ana ɗaukar hoto idona ya sauka a kan kwat ɗinsa. Sabuwa ce a wurina, ba ta bi ta hannuna ba. Wanda ya gyara ta ya iya ɗinki daidai gwargwado, amma ya yanka kafaɗun biyu daidai wa daida, kamar yadda littafi ya ce. Ta hagun ta zube, hannun ya sauko ya rufe masa agogo, wuyan ya buɗe ta gefe ɗaya. Duk wanda ya kalli hoton nan zai ga darakta a karkace. Hannuna ya ɗaga da kansa zai gyara, na mayar da shi aljihu.

Keken ya zo da sharaɗi ɗaya, wanda ke shafi na goma sha biyu, sama kaɗan da inda na sa hannu. Dole a kafa allo a wurin sana'ar wanda ya amfana. Suka zo da tsani suka kafa shi a bakin lungu, babba, da tambarin ofis da kibiya mai nuna ƙofata. Ɗan Bita ya biya mai fenti daga aljihunsa ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: Ƙwararre Wajen Mayar Da Gwanjo Sabo. Ya ce kyauta ce ya yi mini, kada in ce komai.

Keken kam ba shi da laifi. Ranar farko na ɗinke labulen gidanmu kaf kafin rana ta take. Rana ta biyu na kwance su na sake. Maiɗakina ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai kawo mini tsofaffin zannuwan gado ta ce ko za su yi amfani, wanda ya fi zagi ciwo. Mai janareta ma ya shigo yana ƙorafi, wai kwana biyu ba mai tsayawa tambayarsa farashi.

Amma kafaɗar nan ta hana ni sakat. In na rufe ido sai in ga hannun kwat ɗin yana rufe agogo. Ran nan na buɗe littafin awo, shafin farko, na ɗauko soso na yanka shi yatsa ɗaya da rabi, na rage bakinsa yadda ba zai nuna ba, na lulluɓe shi da yadi mai laushi a sabon keken. Na sa a baƙar leda. Na je na tsaya nesa da ƙofar ofishin har na hango direbansa yana goge mota.

"Ka kai wa telan da ke yi wa Yallaɓai aiki yanzu," na ce masa a hankali. "Ka ce a sa a hagu, ƙarƙashin shafi. Kada ka ce daga ina, shi ma Yallaɓai ba sai ya sani ba."

Direban bai karɓa ba. Ya kalli ledar, ya kalle ni, ya ci gaba da murza tsummansa.

"Baba, ai Yallaɓai ya riga ya yi mini bayani," in ji shi. "Ya ce duk ranar da ka zo da wani abu a hannu, kada in taɓa. In tambaye ka kawai, wannan karon nawa kake so."

Na sa ledata a hammata, na tako a ƙasa har gaban kantin magani, na bi ta ƙarƙashin allon na shiga lungu.